Yadda ake datse furen wardi mai hawa bango

A Saudiyya lokacin datsa shi ne sanyin hunturu, daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, kamar yadda manoman wardi na Ɗa'if suke yi. Idan shukar ba ta cika shekara biyu ba, a cire busassun rassa kawai.

1. Sa safar hannu mai kauri saboda ƙaya. A wasa almakashin lambu, a goge bakinsa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, don kada ya ɗauki ciwo daga wata shuka.

2. Cire duk reshen da ya bushe, ko yake gogar ɗan'uwansa.

3. Zaɓi manyan rassa huɗu zuwa shida masu ƙarfi. Nan ne aikin yake: a kwantar da su a ɗaure a jikin wayoyin ƙarfe da aka ja a kwance a bango, tazarar santimita 40 tsakanin waya da waya. Reshen da aka bari a miƙe sama, kansa kaɗai zai yi fure, ƙasa ya zama fayau. A bar santimita 5 tsakanin waya da bango, domin bangon Makka ko Jidda da rani yana ƙona ganye.

4. Ƙananan rassan gefe a rage su zuwa ido biyu ko uku (ido shi ne wurin da sabon tsiro ke fitowa a jikin reshe). A yanka a karkace, rabin santimita sama da idon da ke kallon waje.

5. Zuba ruɓaɓɓen taki a gindi, ɗanye yana ƙona saiwa. Ban ruwa da sassafe, a gindi kawai. Ganyen da ya kwana a jiƙe yana kamuwa da baƙin tabo.