Yadda na toshe wa ɓeraye hanya da hunturu

Tunda sanyi ya kama, ɓeraye suka addabi ɗakin ajiyarmu, har buhun masara suka huda. Na ɗana tarko, na shimfiɗa danƙo. A kama biyu yau, gobe wasu su zo. Guba kam na ƙi, saboda yara da kaji.

Rannan da daddare na barbaɗa toka a gindin bango. Da safe sawunsu ya kai ni bayan randa, inda bututun ruwa ya ratsa gini. Ramin da kyar fensir zai shiga, amma ya ishe su. Na cusa soson ƙarfe sosai, na shafe da siminti, na buga guntun kwano a ƙasan ƙofa. Masarar na juye cikin duro mai murfi.

Mako 3 ke nan ko kashinsu babu. Alhamdulillahi.