Yadda Za Ka Fahimci Rikicin Bauta da Faɗaɗa Ƙasa a Amurka Kafin 1861

Ɗaliban tarihi da nake yi wa darasin yamma a nan Kaduna sukan zo da shekaru cunkushe a ka, 1820, 1850, 1854, amma da zarar an tambaye su abin da ya haɗa waɗannan shekaru sai kowa ya sunkuyar da kai. Hanyar da na ga ta fi ɓullewa ita ce a jingine hadda, a ɗauki farar takarda da fensir.

Ka fara da zana taswirar Amurka, ka ja kogin Misisipi daga arewa zuwa kudu, sannan ka yi alama a yammacinsa inda yankin Luwiziyana yake, wanda aka saya daga Faransa a 1803 kan dala miliyan 15. A gefen takardar ka raba gida biyu, ɗaya na jihohin da ake bauta, ɗaya na waɗanda suka hana. A 1819 kowane gida yana da jihohi 11. Dalilin wannan ƙirge shi ne majalisar dattawa: kamar yadda jihar Kaduna take da sanatoci uku daidai da kowace jiha a Najeriya, haka kowace jihar Amurka take da biyu komai yawan jama'arta, don haka duk sabuwar jihar da aka yanka daga yamma tana iya karkatar da rinjaye zuwa ɓangare guda.

Kafin ka ci gaba, ka tambayi kanka me ya sa masu bayi suka matsu da sabuwar ƙasa. Amsar tana cikin auduga, kuma duk wanda ya san masaƙun Kakuri a zamanin da suke aiki ya san yadda masaƙa take cin auduga ba ƙoshi. Bayan da Eli Whitney ya ƙera injin gurzar auduga a 1793, nomanta ya zama babbar hanyar arziki a Kudu, wato jihohin da ake bauta, masaƙun Ingila suna saye, auduga kuwa tana gajiyar da gona. An hana shigo da bayi daga waje a 1808, amma cinikinsu a cikin gida ya bunƙasa, ana raba uwa da ɗa a kai su sabbin gonaki, har ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu.

Yanzu ka ja layi a kwance daidai iyakar kudancin Mizuri, jihar da aka yanka daga yankin Luwiziyana. Wannan shi ne sulhun 1820: Mizuri ta shiga sahun jihohin Amurka da bauta, Maine ta shiga babu, aka kuma hana bauta a sauran yankin Luwiziyana da ke arewacin layin. Sai ka ƙara Tekzas a 1845, da yankin da aka karɓe daga Meziko bayan yaƙin 1846 zuwa 1848, wanda layin bai shafa ba. Sulhun 1850 ya shigar da Kalifoniya babu bauta, Kudu kuma ta samu doka mai tsanani da ta tilasta wa 'yan Arewa taimakawa wajen kamo bayin da suka tsere.

Daga nan ka goge layin da hannunka, domin abin da dokar Kansas da Nebraska ta yi ke nan a 1854, lokacin da Sanata Stephen Douglas ya ce a bar mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu. A ganina nan ne al'amarin ya kuɓuce wa 'yan siyasa, domin ɓangarorin biyu sun yi ta tura mutanensu Kansas har aka zubar da jini, a shekarar kuma aka kafa jam'iyyar Rifabulikan don hana bauta yaɗuwa. A 1857 kotun ƙoli, a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa, ta ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba.

A ƙasan takardar ka rubuta zaɓen Abraham Lincoln na jam'iyyar Rifabulikan a matsayin shugaban ƙasa a Nuwamban 1860 da ɓallewar jihar Karolina ta Kudu daga Amurka a Disamba, gab da yaƙin basasa na 1861, sannan ka kife ta, ka sake zana taswirar daga ka, kana faɗin dalilin kowane layi da baki.