Yadda Ake Gane Shekarun Waƙar Falle Ɗaya ta Ingila

Idan tsohuwar waƙar Ingila da aka buga a falle ɗaya ta shigo hannunka, fara da duban haruffanta, domin baƙaƙen haruffa masu kauri su ne aka fi amfani da su a ƙarni na 16 da na 17, kafin sirara su maye gurbinsu wajen shekarar 1700. Daga nan sai ka duba gindin takardar, inda mai bugawa kan sa sunansa. Idan ka ga James Catnach na unguwar Seven Dials a Landan, to galibi tsakanin 1813 da 1838 ke nan. Kada zanen da ke sama ya ruɗe ka, don katakon zane guda, wato katakon da aka sassaƙa hoton a kansa don bugawa, akan yi ta maimaita shi shekara da shekaru, ko da bai dace da waƙar ba.