Dawaki nawa za ka fara da su a wasan sukuwa na intanet?

'Yan uwa masu buga wasan sukuwa a waya, shawarata ga sabon shiga ita ce kada ya cika barga tun ranar farko. Dawaki uku zuwa biyar sun isa.

Duk wanda ya taɓa ganin turke a Argungu ko Gwandu ya san sayen doki ba shi ne wahala ba, riƙonsa ne: harawa, dusa, kanwa, kilisa safe da yamma. To a wasan ma haka abin yake. Kowane doki yana cin kuɗin abinci, na horo, da na shiga gasa, ko ya ci gasar ko bai ci ba. Ni da goma sha biyu na fara, kafin sati biyu jarina ya ƙare, sai da na sayar da ingarman da na fi so a araha. Har yanzu abin yana mini ciwo.

Doki ɗaya kuma ya yi kaɗan, domin bayan tsere sai ya huta, kai kuma ka zauna zugum. Ka nemi mai gajeren zango kamar mita 1200, da mai dogon numfashi, da goɗiya ɗaya idan wasan yana da kiwo. Rabin kuɗinka ka ajiye shi gefe, sai sun fara ciyar da kansu ka ƙaro dukushi.