Yadda ake fitar da matsakaici da auna warwatsuwar lambobi

Kafin komai, jera lambobinka daga ƙarami zuwa babba. Da yawa sukan tsallake wannan su garzaya ga kalkuleta, alhali jerin kaɗai kan tona abubuwa da dama. A ce mutum biyar sun jira mota na minti 10, 10, 12, 17 da 96.

Tara su duka, ka raba da yawansu: 145 a raba gida 5, an sami 29. Shi ne matsakaici. To amma duba da kyau, huɗu daga cikin biyar ɗin ko minti 20 ba su kai ba. Mai 96 ɗin nan ne ya ja lissafin sama shi kaɗai. Don haka ɗora yatsa a kan lambar da ta faɗo tsakiyar jeri, wato 12. A irin wannan hali ita ce ta fi faɗin gaskiya. In lambobi biyu ne suka raba tsakiyar, tara su ka raba biyu. Wadda ta fi maimaituwa kuwa 10 ce, ido ma ya isa ya gano ta.

Saura warwatsuwa, kuma nan ne aikin yake. Ga makin ɗalibai a aji biyu. Na farko: 48, 49, 50, 51, 52. Na biyu: 30, 40, 50, 60, 70. Matsakaicinsu ɗaya, 50, amma ko kusa ba su yi kama ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce tazara: cire ƙarami daga babba. Aji na farko 4, na biyu 40. Aibinta shi ne lambobi biyu kacal take kallo.

Don a sa kowace lamba a lissafi, ɗauki aji na biyu ka cire 50 daga kowane maki: -20, -10, 0, 10, 20. Kada ka tara su haka, sifili za su ba ka kullum. Ninka kowace da kanta tukuna: 400, 100, 0, 100, 400. Jimla 1,000, a raba gida 5, 200 ke nan. Sai ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 200, wajen 14.1. Wannan ne ma'aunin nisan makin daga matsakaici. Gwada na aji na farko, za ka tashi da kusan 1.4.

In ɗaliban nan samfuri ne da aka tsamo daga babban taro, da 4 za ka raba, ba da 5 ba, wato yawansu a cire ɗaya.