Yadda Ake Zagaya Unguwar Hyde Park ta Shikago a Ƙafa

Duk mai son fahimtar Hyde Park, unguwar da take kwance a gaɓar Tafkin Mishigan kimanin kilomita 11 kudu da tsakiyar birnin Shikago na Amurka, ya kamata ya shiga ta a jirgin ƙasa, domin layin dogo da tafkin ne suka haife ta. A shekarar 1853 wani lauya mai suna Paul Cornell ya sayi fili eka 300 a nan, ya ba kamfanin jirgin ƙasa na Illinois Central eka 60 da sharaɗin a gina tasha, saboda masu hali su yini a birni su kwana a bakin ruwa. Sai a 1889 aka haɗe yankin da Shikago.

Idan ka sauka daga jirgin ƙasa na Metra, mai jigila tsakanin birni da kewaye, ka nufi gabas ta titi na 55, ka bi ta ƙarƙashin babbar hanya zuwa Promontory Point, wani tsiri da aka cike ruwa da ƙasa aka samar, aka buɗe shi a 1937. Ka zauna a kan manyan duwatsun da aka jera kamar matakala, inda za ka ga tafkin ya miƙe ba a hango ƙarshensa, dogayen benayen birni kuma suna tsaye can arewa. Ka zo tsakanin Yuni da Satumba, domin iskar hunturun wurin ba ta barin baƙo ya daɗe.

Daga nan ka gangara kudu zuwa gidan adana kayan kimiyya da masana'antu, wanda gininsa ya rage daga babban baje kolin duniya na 1893, sannan ka juya yamma zuwa Jami'ar Shikago, wadda aka kafa da kuɗin attajiri John D. Rockefeller, ta fara karatu a 1892. A titin Ellis akwai wani gunkin tagulla a daidai wurin da masanin kimiyya Enrico Fermi da abokan aikinsa suka fara sarrafa makamashin nukiliya ranar 2 ga Disamba, 1942. A jami'ar ce kuma Barack Obama ya koyar da shari'a.

Abin da na fi so ka lura da shi yana kan hanyar komawa. Ana yaba wa Hyde Park cewa baƙar fata da farar fata suna zaune tare lafiya, kuma da gaskiya a maganar, amma a shekarun 1950 da 1960 jami'ar ta jagoranci shirin sabunta unguwa wanda ya rushe tsofaffin gidaje da shaguna, ya tashi dubban talakawa, da yawansu baƙar fata. Saboda haka, idan ka iso tagwayen benayen da aka dasa a tsakiyar titi na 55, motoci suna ratsawa dama da hagu, ka tsaya ka kwatanta su da tsofaffin gidajen jan bulo da suka tsira a titunan da ke kusa.