Littafin kyauta ba sai an sato ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan kullum sai na ga an turo PDF ɗin littafin wata marubuciya, wai "ga shi kyauta". Wallahi abin yana damuna. Baiwar Allah ta yi wata da watanni tana rubutu cikin dare bayan yara sun kwanta, ta sa ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, mu kuma mu riƙa raba shi kamar goron ɗaurin aure. Haƙƙinta ne fa.

Alhali na halal yana nan jibge. Ku shiga Project Gutenberg, ɗakin karatu na intanet wanda aka fara tun 1971. Akwai littattafai sama da 70,000 da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya ƙare a Amurka, babu rajista, babu ko sisi. Yawancinsu da Turanci suke. In za ka sauke, zaɓi EPUB (nau'in fayil ne na littafi, kamar PDF) mara hotuna: ba ya cin data, kuma rubutun yana daidaita kansa da allon waya, ba sai kana ja da yatsa biyu ba.

Ɗalibanmu na jami'a su leƙa OpenStax na Jami'ar Rice, akwai littattafan lissafi, kimiyya da tattalin arziki, su da kansu suka bayar kyauta.

Wanda na fi so shi ne African Storybook, domin akwai labaran yara da Hausa, da hotuna masu launi. Nakan sauke biyu ko uku idan na sayi data, bayan isha'i na karanta wa ƙaramar 'yata, tana nuna hoton akuya da yatsa tana haɗa baƙi da wasali.